Sharhi: A duba kaya kafin a shiga fili, darasin gasar harbi ga kokowar Dakoro

Da wuya a samu matashin da ke riƙe da waya a watan Agustan 2024 wanda bai ci karo da hoton Yusuf Dikec ba. Shi ne ɗan ƙasar Turkiyyar nan mai shekaru 51 da ya tsaya a gasar Olamfik ta Paris, hannu ɗaya cikin aljihu, ɗayan riƙe da ƙaramar bindiga, sanye da riga mai gajeren hannu da tabarau irin na kowa. A ranar 30 ga Yuli, a garin Chateauroux inda aka yi wasannin harbi, shi da abokiyar wasansa Sevval Ilayda Tarhan suka samu lambar azurfa a harbin mita 10 na haɗin gwiwar mace da namiji, bayan 'yan ƙasar Sabiya, Zorana Arunovic da Damir Mikec, sun doke su a karon ƙarshe. Abin da ya burge jama'a a Facebook da TikTok shi ne yadda mutumin ya zo kamar wanda aka aika kasuwa ya ratsa ta filin.

Sai dai hoton bai nuna rabin labarin ba. Tabarau na musamman da manyan abin toshe kunne da sauran 'yan wasa ke sanyawa zaɓi ne, wanda ya ga dama ya bari. Bindigar da ke hannunsa kuwa ba ta da wannan 'yanci. Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, wadda aka kafa a 1907 kuma take da hedikwata a birnin Munich na Jamus, ta ƙayyade komai nata da alƙaluma. Bindigar mita 10 da iska take aiki, kuma harsashinta ɗan ƙaramin dalma ne mai kaurin milimita 4.5. Nauyinta ba zai wuce giram 1,500 ba. Dole ta shiga cikin wani akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗin milimita 200, zurfin milimita 50. Kunamarta kuma ba za ta tashi ba sai an matsa mata da ƙarfin da ya kai giram 500.

Yadda ake gwada kunamar abu ne da ɗan firamare zai gane. Ana miƙar da bakin bindigar sama, a rataya ƙarfe mai nauyin giram 500 a jikin kunamar, a ɗaga shi a hankali daga kan tebur. Idan kunamar ta riƙe nauyin ba ta tashi ba, bindiga ta wuce. Idan ta tashi, sau uku kacal ake da damar gwadawa. Ana buɗe wurin awon tun kafin gasa domin kowa ya kai kayansa ya san matsayinsa. Bayan an gama zagayen share fage kuma, sai a jefa ƙuri'a a zaɓi wasu daga cikin maharban a sake auna bindigoginsu nan take. Wanda tasa ta gaza, an cire shi daga gasar ko da shi ne ke kan gaba.

Dokar ta bi jikin ɗan wasan ma. Da hannu ɗaya ake harbi, a tsaye, ba jingina. Wuyan hannun da ke riƙe da bindiga dole ya zama a sake, babu agogo, babu wani ɗauri da zai tallafe shi. Takalmi ba zai rufe idon sawu ba. Ba a ɗora wa bindigar madubin hangen nesa ko hasken saiti. Dalilin wannan tsanani shi ne da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne kawai, kuma harbi 60 ake yi cikin minti 75 kafin a fitar da mutum takwas na zagayen ƙarshe. A irin wannan awo, kunama mai laushi ko wuyan hannun da aka ɗaure ya isa ya raba wanda zai hau dandamali da wanda zai koma gida hannu rabbana.

Hukunci ma a jere yake, kowa ya san shi tun daga gida. Katin rawaya gargaɗi ne, kore rage maki ne, ja kuma kora. Wanda bai gamsu ba ya rubuta ƙorafi cikin ƙayyadadden lokaci, ya ajiye kuɗi, a mayar masa idan ya yi gaskiya, kuma akwai kwamitin ɗaukaka ƙara dabam da alƙalan fili. Lambar yabo ba ta hana hukunci. A gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Kim Jong-su na Koriya ta Arewa ya ci azurfa a harbin mita 50 da tagulla a mita 10, amma gwaji ya nuna yana da maganin propranolol a jikinsa, wanda ke rage bugun zuciya da rawar hannu. Aka karɓe lambobin biyu, aka miƙa wa waɗanda ke biye da shi.

Mai karatu zai iya tambayar me ya haɗa wannan da Dakoro. Ba kira ake yi a buɗe filin harbi a gundumar ba. Jihar Maradi ta sha fama da 'yan bindiga a yankunan Madarounfa da Gidan Rumji da ke kusa da iyaka, kuma ƙarin bindiga a hannun farar hula shi ne abu na ƙarshe da jama'arta ke buƙata. Abin ɗauka a wasan harbi shi ne tsarinsa: doka rubutacciya da aka sani kafin a fara, wadda kowa zai iya gwadawa da idonsa, kuma ba ta san sunan kowa ba. Dakoro tana da filin da ke buƙatar wannan tsari, wato filin kokowa.

Kokowa ita ce wasan da ke tsayar da Nijar cak. Tun daga 1975, lokacin da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa kuma Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauki takobi, jihar ta ɗauki wasan tamkar gadon gida, har babban filin kokowar birnin Maradi sunansa yake ɗauke da shi. A yau jihohi takwas ne ke karawa, kowace da 'yan kokowa goma. Ana kallo a talabijin, ana saurare a rediyo, kuma wanda ya ɗauki takobi yakan tashi da miliyoyin sefa da kyaututtuka masu yawa. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Issaka Issaka na Dosso, ya ɗauke shi har sau shida, kuma babu yaron da bai san sunansa ba.

Kafin a kai can, akwai doguwar hanya. Saurayi daga Kornaka, ko Birnin Lalle, ko Sabon Mashi, zai fara ne daga dandalin ƙauye bayan an kawar da amfanin gona, ya haura zuwa zaɓen gunduma, daga nan zuwa na jiha, inda gurbi goma ne kacal ga duk faɗin Maradi. Karo ɗaya da aka yanke ba daidai ba a matakin ƙasa yana iya cinye masa shekara guda. Ga saurayin da ke auna tsakanin zama gida da kama hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, shekara guda ba ƙaramin abu ba ce. Idan ya yarda cewa ƙarfinsa da dabararsa ne za su yi masa hukunci, zai jure ya dawo baɗi. Idan ya fahimci sai da uwa a gindin murhu, ya bar fili ke nan.

Duk mai zuwa kallon kokowa a ƙananan filaye, a ko'ina cikin ƙasar Hausa, ya san inda gardama ke tashi. Ana zargin wane ya shafa mai ko wani abu mai santsi har ba ya kamuwa. Ana cewa farcen wane ya yi tsawo, ko gurunsa na da abu mai tauri da ke ƙuje abokin karo. Ana musu kan ko gwiwa ta taɓa ƙasa, ko kan gargaɗin da alƙali ya ba wannan ya ƙyale wancan, alhali gargaɗi na iya raba gardama idan lokaci ya cika babu kaye. A mafi yawan lokuta zargin yana fitowa ne bayan an yi kaye, lokacin da jiki ya jiƙe da gumi da ƙasa, ba mai iya tabbatar da komai. Sai magoya baya su cika fili, a rabu kowa na riƙe da tasa gaskiyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai matakai huɗu da masu shirya gasa a Dakoro za su iya ɗauka tun daga kaka mai zuwa, ba tare da jiran kowa ba.

Na farko, a ware wurin duba 'yan wasa a bakin fili. Kafin kowane karo a duba farce, a goge jiki da tawul, a taɓa guraye da kambuna da duk abin da aka ɗaura, a gaban wakilin abokin karo. Wanda aka duba ya wuce kai tsaye cikin fili, kada ya sake komawa cikin jama'arsa. Abin da aka hana a rubuta shi da sunansa, domin kada ya zama abin da alƙali ya ga dama a ranar.

Na biyu, a karanta dokar da Hausa ta lasifika kafin a buga ganga, a kuma manna ta a ƙofar fili. Hukumar kokowa ta ƙasa tana da ƙa'idojinta, amma ƙa'idar da ke cikin jakar wani jami'i da Faransanci ba ta kai ga ɗan kokowar da bai shiga lakwal ba. A faɗi abin da ake kira kaye, abin da ke jawo gargaɗi, da gargaɗi nawa ke fitar da mutum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, a fitar da alƙalin kowane karo ta hanyar ƙuri'a a gaban jama'a, kuma kada mutum ya yi alƙalancin karon da ɗan garinsu ke ciki. Wannan kariya ce ga alƙalin kansa, wanda zai koma ya zauna da dangi da maƙwabta bayan an watse.

Na huɗu, a samar da hanyar ƙorafi mai iyaka. Mutum uku da ba su cikin alƙalan fili su zauna gefe, mai horar da ɗan wasa kaɗai ke da ikon zuwa wurinsu, cikin 'yan mintoci bayan karo, kuma abin da suka yanke ya zauna. Tunda kusan kowane karo yanzu akwai wayoyi da dama da ke ɗaukarsa, a ajiye waya ɗaya ta masu shirya gasa a wuri tsayayye, wadda ita kaɗai kwamitin zai duba.

Za a samu masu cewa wannan shigo da tsarin Turawa ne cikin al'ada, kuma yau an taɓa guru gobe za a hana kirari. Damuwar tana da tushe, domin kokowar da babu makaɗa, babu kirari, babu walki, ta rasa abin da ke tara mata jama'a. Amma ba wanda ya ce a cire waɗannan. Ɗan kokowa ya shigo da kiɗansa da shirinsa, a duba kawai ko akwai abin da zai ji wa wani rauni ko ya hana a kama shi. Dattawan da ke raba karo a dandali tun kafin 1975 su ma suna hana mugun kamu, suna fitar da yaron da aka haɗa da wanda ya fi ƙarfinsa. Rubuta abin da suke yi ba ya rage masa daraja. Kokowa kuma ta daɗe da fita waje: tana cikin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a 2005. Wanda ya saba da duba tun daga gida ba zai ruɗe ba ranar da ya tsaya gaban alƙalin wata ƙasa.

Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Abin da ake buƙata bai wuce tawul, abin yanke farce, takarda, da hular da za a jefa ƙuri'a a ciki ba. Ko a gasar Olamfik, da ƙarfe ɗaya da akwati ɗaya ake tantance bindigar da ta ci kuɗi masu yawa. Abin da ke da tsada shi ne ƙarfin halin da za a ce wa zakaran gari, wanda attajirai ke bayansa, ya cire abin da ke ƙugunsa ko ya zauna. Ranar da aka ɗaga wa babba ƙafa sau ɗaya, takardar da ke ƙofar fili ta zama ado.

A nan ne 'yan Dakoro mazauna Maradi, Yamai, Kano, Legas da Abijan suke da ta cewa. Da yawa daga cikin kyaututtukan da ake sanarwa a filaye daga aljihun 'yan kasuwa da 'yan ci-rani suke fitowa. Mai ba da buhun shinkafa ko babur yana da ikon tambaya, kafin ya aiko, ko an rubuta doka, wa zai duba 'yan wasa, kuma ta yaya za a zaɓi alƙalai. Matasan da ke yaɗa bidiyon karo a WhatsApp su ma su riƙa sanya karon gaba ɗayansa, su daina yanko daƙiƙa biyar ɗin da ta dace da ɓangarensu suna zagin alƙali da ita.

Magajin gari, sarakunan gargajiya da shugabannin 'yan kokowa na gundumar suna da watannin damina a gabansu don zama kan wannan batu. Shafi ɗaya ya isa, idan an karanta shi a fili kuma an fara aiki da shi a kan wanda ya fi kowa suna. Jihar da ta ba Nijar zakaranta na farko ba ta rasa ƙarfafan samari ba, kuma haƙƙinsu ne a tabbatar cewa goman da za su wakilce ta su ne goman da suka yi kaye.