Kun yi wa Jimmy tafi, me ya sa kuke toshe hanci ga Ibro?

Ƴan uwa, yau da mu ƴan boko zan yi, musamman masu kiran kansu masana sinima a nan Yamai. Akwai wani raini da muka mayar ado. Da an ambaci fim ɗin barkwanci na Hausa, irin wanda samari ke haddace maganganunsa suna maimaitawa a fada, sai ka ga mutum ya taɓe baki ya ce: "Wannan ai chamama ne, shirme." Shi ke nan, an gama sharhi. Ni kuwa na ce wannan lalaci ne, kuma lalacin nan yana jawo mana asara.

Bari mu fara da fim ɗin da kowa ke alfahari da shi. A 1966 Moustapha Alassane ya fitar da Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi, Jimmy, ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi. Kowa ya sake suna: wannan Black Cooper, wancan Casse-Tout, Zalika Souley ta zama Reine Christine. Suka hau dawaki suka addabi ƙauye, dattawa suka rasa yadda za su yi da su. In ba mu yaudari kanmu ba, mene ne wannan? Samari ne suka ari rigar baƙo suna haukan ƙuruciya, ƴan kallo suna dariya. Yau ana nuna shi a manyan bukukuwan fim na Turai, ana rubuta kundin digiri a kansa, kuma ya cancanta.

To, ga Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan a ƙasar Kano. A Ibro Awilo ya ari rigar Awilo Longomba, mawaƙin Kongo da ya rikita samari da rawa. A Ibro Usama ya ari gemu da rawanin mutumin da duniya duka ke magana a kansa a lokacin. Dabarar ɗaya ce da ta Alassane: ka sa wa ɗan ƙauye kayan wani shahararren baƙo, ka sake shi cikin kasuwa, sai jama'a su ga yadda muke rawar jiki a kan abin waje. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa unguwannin Yamai, har waɗanda Zabarmanci ne harshen gidansu sun san muryar Ibro. Amma na farko "gadon ƙasa" ne, na biyu "shirme". Don Allah a gaya mini ma'aunin.

Za a ce mini ai hoto bai da kyau, sauti na ƙara, labari ba kai ba gindi. Gaskiya ne, da yawa haka suke, an ɗauke su cikin ƴan kwanaki da kuɗi kaɗan. Sai dai ingancin kamara bai taɓa zama dalilin da ya sa fim ya zauna a bakin mutane shekara ashirin ba. Mai sharhi na gari tambayarsa ita ce: me yaran nan suka gani a ciki? Me ya sa ɗan kabu-kabu da ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni suke fashewa da dariya a wuri ɗaya? Ni amsar da na gani ita ce, a fina-finan nan ne talaka ke ganin an ci wa mai iko fuska ba tare da an kama kowa ba. Ɗan sanda mai karɓar na goro, malamin tsibbu, alhajin da kuɗi suka hau masa kai, uban da ke hana abin da shi ma yake yi a ɓoye. Da wasa ake faɗa wa wawa magana, kuma yaran sun ji maganar sarai. Mu ne muka ƙi ji, don ba da Faransanci aka yi ta ba.

Kada a ɗauka raini abu ne mara illa. Shi ne ke share wa almakashi hanya. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifan Bahaushiya. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro wata biyu a gidan yari kan Ibro Aloko, mutumin da shi kansa ya taɓa aikin gandiroba. A ƙarshen shekarar Hamisu Lamido Iyan-Tama ya bi sahu kan fim ɗin Tsintsiya. Abin da aka riga aka yi wa laƙabi da shara, wa zai tsaya masa ranar da aka zo kwashe shi? Mu da muke ihun ƴancin faɗar albarkacin baki in an taɓa ɗan jarida, ya kamata mu san cewa ɗan barkwanci ma baki gare shi.

Ban ce a daina suka ba. Akwai abin suka, kuma mai nauyi: yadda ake mayar da nakasa abin dariya, yadda ake zana Bafillatani ko Bagwari kullum a matsayin wawa, yadda mace ke fitowa ko mafaɗaciya ko makwaɗaiciya. Ƴan kallo ma ba waliyyai ba ne. Fim ɗin Al'lèèssi na Rahmatou Keïta ya nuna yadda jama'a suka riƙa yi wa Zalika Souley kallon banza saboda rawar da take takawa a fim, har tauraruwar ƙasa ta ƙare cikin talauci. Amma kafin ka faɗi irin wannan sukar sai ka zauna ka kalli fim ɗin, ka faɗi wurin da ya yi kuskure da dalili. Wanda ya ce "shirme" ya juya baya bai kare kowa ba, kansa kawai ya wanke.

Ibro ya rasu a Disamban 2014, Alassane a Maris ɗin 2015, wata uku tsakani. Allah ya jiƙansu. Ayyukan Alassane suna ajiye a ɗakunan adana fim na waje. Na Ibro kuwa suna kan kasat da faifan da suka ƙoƙe, da guntaye a YouTube da waya. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana nazarin fina-finan Hausa da gaske, ya nuna cewa aikin mai yiwuwa ne. Mu nan me muke jira?

Ga abin da nake nema. Ɗaliban makarantar koyon aikin jarida da na jami'a su yi bincike kan barkwancin da ƙannensu ke kallo, har da na TikTok na yau. A samu dare ɗaya a dandalin Oumarou Ganda a nuna Jimmy da Ibro a jere, a ba samarin fada makirufo su faɗi abin da suka gani, masana su saurara tukuna. Masu sharhi kuma su riƙa rubutu da Hausa da Zabarmanci, don waɗanda ake magana a kansu su iya mayar da martani.

Wanda bai yarda ba, ga fili. Amma ya kalli fim ɗin kafin ya zo.