Tha Carter III: Waƙoƙin kyauta ne suka sayar da kwafi miliyan ɗaya a mako guda

A shekarar 2008 kasuwar waƙa a Amurka na cikin mawuyacin hali. Matasa sun koma sauke waƙoƙi daga intanet ba tare da biyan ko sisi ba, shagunan faifan CD na ta rufewa, kamfanoni kuma na kukan asara.

Ana cikin haka ne Lil Wayne, mawaƙin gambarar zamani ɗan birnin New Orleans da ke jihar Louisiana, ya fitar da kundinsa mai suna Tha Carter III ranar 10 ga Yuni, yana da shekara 25. Cikin mako guda aka sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya. Rabon da a ga haka tun 2005, lokacin da 50 Cent ya saki The Massacre. Har shekarar ta ƙare babu kundin da ya kai shi ciniki a Amurka, kuma a 2009 ya lashe kyautar Grammy ta gwarzon kundin gambara.

Da yawa kan danganta wannan nasara da waƙar "Lollipop", wadda ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. Ba shakka ta taimaka. Amma ainihin abin da ya sayar da kundin shi ne waƙoƙin da Wayne ya shafe shekara biyu yana bai wa jama'a kyauta.

A 2006 ya saki Dedication 2 tare da DJ Drama, a 2007 ya biyo da Da Drought 3. Waɗannan tarin waƙoƙi ne da ke yawo a titi da intanet, inda yake hawa kiɗan wasu mawaƙa ya zuba nasa baitocin. Ga kuma ɗimbin waƙoƙin wasu da ya sa murya a ciki. Duk inda matashi ya juya, muryar Wayne yake ji.

Ko da aka saci wasu waƙoƙin da yake shiryawa aka watsa a intanet a 2007, bai tsaya kuka ba. Ya tattara biyar ya fitar da su a watan Disamba da sunan The Leak, ya koma situdiyo ya yi sabbi. Da ranar sayarwa ta zo, waɗanda suka daɗe suna sauraro kyauta su ne suka fito da kuɗinsu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wani zai ce ai yana da babban kamfani a bayansa, ga gidajen rediyo. Gaskiya ne, domin Universal ne ya rarraba kundin. Sai dai sauran manyan mawaƙa ma suna da wannan gata, amma babu wanda ya kai miliyan a mako guda a shekarar.

Nasarar ta kuma ɗaga darajar jihohin kudancin ƙasar, waɗanda New York da Los Angeles suka daɗe suna yi wa kallon 'yan ƙauye a fagen gambara. A 1995 an yi wa OutKast, 'yan birnin Atlanta, ihu a wajen bikin karrama mawaƙa na mujallar The Source a New York. Bayan shekara 13, ɗan unguwar Hollygrove ne ke riƙe da kasuwar ƙasar baki ɗaya, kuma bai bar garinsa a baya ba. A waƙar "Tie My Hands" ya taɓo raɗaɗin guguwar Katrina, wadda ta yi wa New Orleans kaca-kaca a 2005.

Sai dai farin jini daban, cin moriyarsa daban. Bangladesh, wanda ya haɗa kiɗan "A Milli", ya fito fili yana ƙorafin ba a biya shi haƙƙinsa ba. Shi kansa Wayne, wanda ya shiga kamfanin Cash Money tun yana yaro, ya maka kamfanin a kotu a 2015 yana neman dala miliyan 51. Kundinsa Tha Carter V ya maƙale har 2018, lokacin da aka sasanta. Hausawa na da sunan irin wannan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don haka duk mawaƙin da zai yi koyi da Wayne, ya ɗauki darasin gaba ɗaya. Sakin hannu da yawan aiki na tara masoya, har su saya abin da za su iya samu kyauta. Amma inda kuɗin za su sauka, takardar yarjejeniya ce ke yanke wannan hukunci, kuma ranar sa hannu ya kamata a karanta ta, tun kafin kundi ya shiga kasuwa.