Sharhi: Ƙa'idojin gini mai tsimin lantarki na nan a rubuce, aiwatarwa ce ta rage wa Abuja

A tsakiyar birnin Abuja ana ci gaba da gina ofisoshi da otal-otal da aka lulluɓe da gilashi tun daga ƙasa har sama. Rana na dukan gilashin, zafi na taruwa a ciki, na'urar sanyaya ɗaki ta wuni tana aiki. Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, irin wannan gini ya zama babban nauyi a aljihun masu haya.

Najeriya ba ta rasa ƙa'ida a kan wannan batu ba. A shekarar 2017, Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, a zamanin Minista Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin tsimin makamashi a gine-gine, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Kundin ya taƙaita faɗin tagogi idan aka kwatanta da bango, ya nemi a yi musu inuwa, a sanya abin da ke tare zafi a ƙarƙashin rufi, a kuma yi amfani da fitilu da na'urorin sanyi marasa cin wuta.

Abin da ya hana ruwa gudu shi ne batun iko. A shekarar 2003, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Don haka kundin tarayya ba ya hawa kan maginin Ibadan ko Kano sai jiharsa ta mayar da shi doka. Irin wannan cikas ne kundin gine-gine na ƙasa na shekarar 2006 ya ci karo da shi.

Abuja ce ba ta da wannan uzuri, domin Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke yi mata doka, kuma sashen da ke ba da izinin gini yana ƙarƙashin Ministan Babban Birnin Tarayya.

Akwai gaɓoɓi uku da za a iya kama magini. Ta farko ita ce lokacin duba zanen gini, inda gyaran taga ba ya cin komai sai sake zane. Ta biyu ita ce ziyarar jami'ai kafin a rufe silin, domin da zarar an rufe shi babu mai ganin abin da ke ƙarƙashin kwano. Ta uku ita ce takardar izinin tarewa, wadda bai kamata a bayar ba sai ginin ya dace da zanen da aka amince da shi.

Ya fi dacewa a fara da gine-ginen gwamnati da manyan benaye na 'yan kasuwa, tare da rage kuɗin izini ga wanda ya cika sharuɗɗa. Ma'auni ma yana nan: tsarin EDGE na hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, yana neman a rage amfani da wuta da ruwa da aƙalla kashi 20 cikin ɗari.

Sai dai duk wannan ya dogara ne da sa ido. Rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, inda mutane fiye da 40 suka rasu, ta nuna cewa takardar izini kaɗai ba ta tsare gini. Matuƙar ba a ɗauki isassun injiniyoyi masu duba aiki ba, aka kuma hukunta mai karɓar na goro, sabuwar ƙa'ida za ta zama wata kafar tatsar magina ne kawai.

Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da shekarar 2060. Yawancin benayen da ake ba wa izini a Abuja bana za su kai wannan shekara suna tsaye.