Tunanin Malami Shi Ne Mafarin Aikinsa

Atishawa da ƙyafta ido kan zo wa mutum ba tare da shawara ba. Amma duk aikin da aka yi da gangan, sai ya fara kwana a zuciya. Mutum kan auna amfanin abin, da abin da jama'a za su ce, da kuma ko zai iya, sannan ya ƙulla niyya. A wajen malami wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin abin da ya ƙudurta game da ɗalibi shi ke juya hannunsa da harshensa a cikin aji.

A shekarar 1968 wasu masana biyu a Amurka, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a wata makarantar firamare a jihar Kalifoniya. Sun yi wa yara gwaji, sannan suka ba malamai sunayen wasu, suka ce waɗannan ne ake sa ran za su haskaka. Alhali kuwa sunayen tsintar su kawai aka yi, babu ruwansu da gwajin. Da shekara ta zagayo, sai yaran nan suka ɗara sauran ci gaba, musamman a aji ɗaya da na biyu. Gaskiya ne binciken ya sha suka, kuma na baya sun nuna tasirin bai kai yadda aka fara zato ba. Duk da haka, ba a kore shi ba.

Babu wani tsafi a ciki. Malamin da ya ɗauka yaro haziƙi ne yakan yawaita yi masa tambaya, ya jira amsarsa, ya gyara masa kuskure cikin lalama. Wanda kuwa aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci, benci na baya ne rabonsa, kafin ya buɗe baki an wuce shi.

Sau da yawa akan fake da karin maganar nan, wai hali zanen dutse. To, amma ra'ayi koyon sa ake yi, kuma akan sake shi. Shi ya sa bai kamata ɗalibin da ya je gwajin koyarwa ya yi saurin karɓar jerin "marasa ƙoƙari" da tsohon malamin aji zai miƙa masa a ranar farko ba. Gara ya dakata har ya ji karatun kowane yaro da kunnensa.