Kada Ku Ba Wuta Abincin Fumfuna

Makon jiya na bi ta wani ƙauye, na tarar an tattara tushiya da ganyen kara da ɓawon gyaɗa tsibi-tsibi an cinna musu wuta. Na ce wa mai gonar, "Baba, don me?" Ya ce, "Malam, kara ai itace ne, ƙasa ba ta cinsa." Rabin maganarsa gaskiya ce. Ƙasa ba ta cinsa, amma a cikin ƙasa akwai mai cinsa, watau fumfuna.

Ga yadda abin ya ke. Babban rabo na jikin kara da ciyawa wani abu ne mai kamar zare, masana suna kiransa selulos. Auduga kuwa kusan dukkanta shi ne. Abin mamaki, zaren nan sukari ne, an jera ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, sai dai ƙullin ya yi tauri har cikin ɗan Adam ba ya iya kwance shi. To, fumfuna ba ta da baki, balle haƙori. Sai ta shimfiɗa siraran jijiyoyinta bisa kara, ta fitar da wani ruwa mai narkarwa da a ke kira enzayim. Ba iri ɗaya ba ne, aikin gayya su ke yi. Wani ya datse carbin a tsakiya, wani ya bi bakin da aka datse yana tsinke ƙwaya bibbiyu, na uku ya raba biyun nan. Sa'an nan fumfuna ta sha sukarinta. Abin da ya saura shi ne baƙar ƙasan nan mai taushi mai riƙe ruwa, wadda kowa ya ke so a gindin dawarsa.

Sojan Amurka sun ga ƙarfin abin nan a Yaƙin Duniya na Biyu, na 1939 zuwa 1945. A tsibiran Solomon, inda ruwa da zafi suka haɗu, tantunansu da tufafinsu na auduga suka dinga ruɓewa. Aka kai fumfunar wurin binciken soja a Natick, inda Elwyn Reese da Mary Mandels suka yi shekaru suna nazarinta. Daga baya aka sa mata suna Trichoderma reesei don girmama shi. Yau kiwonta a ke yi cikin manyan tankuna, ana sayar da ruwanta ga masu masaƙa da masu yin man mota daga tattaka. Watau abin da wasu su ke biyan kuɗi su saya, mu yana bolarmu kyauta.

Ko gara ta riga mu sani. Wadda ta ke gina babban suri gonar fumfuna gare ta a ciki, tana kai mata kara, ita kuwa tana narkar mata da shi.

Na san za a ce kara yana da aiki, ga danga, ga girki, ga dabbobi. Ban musa ba, ku ɗebi abinku. Karan da tsutsa ta cika kuma, wannan ku ƙone shi, kada ta kwana a ciki har damina. Maganata a kan ragowar ce. In kun ƙone, toka kaɗai za ku samu, naitirojin da ke ciki ya bi hayaƙi, tokar ma iskar bazara ta kwashe.

Ku haƙa rami a inuwa, zurfin ƙafa uku. Ku sassare karan gajeru-gajeru, domin fumfuna ta wurin da aka sara ta ke samun ƙofa. Ku shimfiɗa shi, ku bi da kashin shanu ko na awaki, ku yayyafa ruwa, haka bisa haka har ramin ya cika. Kashin nan ba ado ba ne, kara shi kaɗai ba ya ƙosar da ita. Ruwa kuwa daidai laima, kada ya kwanta, gama tana bukatar iska kamar ni da ku. Bayan mako uku ku juya. In kun ga fari-fari kamar yanar gizo, kada ku ce ya lalace ku zubar, ma'aikatan ne suka iso. Ku soka sanda a tsakiya ku bar ta ta kwana. In kun zaro ta da ɗumi, aiki yana tafiya. In ta fito da sanyi a bushe, sai a ƙara ruwa da kashin dabbobi.