Amsa Ta Uku Gaban Alƙali

Ya ku 'yan makaranta, in an kai masuncin Ngaski gaban alƙali a Yelwa, amsa biyu muka sani: ko ya yi iƙirari, ko ya musa. Amma a Amurka akwai ta uku, watau mutum ya ce bai amsa laifi ba, bai kuwa ja ba, a hukunta shi a haka. Da ita Spiro Agnew, Mataimakin Shugaban Amurka, ya fake a 1973 bisa zambar haraji. Ya sauka, ya biya tarar dala 10,000, bai kwana kurkuku ba.

Waɗansu sun ce tana rage wa alƙalai wahala. Af! Don hutun alƙali aka kafa shari'a? Wanda aka cuta fa, yaushe zai ji an ce, "Na yi"? Kada ku yi sha'awarta. In kun aikata, ku amsa. In ba ku aikata ba, ku musa, ko an ce amsawa za ta gaggauta sakinku.