Tsada Ko Tsawwalawa?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata kalma da 'yan kasuwa da mahukunta ke gudu kamar wuta, ita ce tsawwalawa. Sun fi son a ce tsada, domin tsada ba ta da mai ita. Sai a ce gero ya yi tsada, sai ka ce da ƙafarsa ya hau. Amma duk Bahaushen da ya ce an tsawwala, tilas ya faɗi wanda ya tsawwala da wanda aka tsawwala wa. Kalmar tana nuna ɓarawo da yatsa, shi ya sa ba a son ta.

Ba mu ce kowane ƙarin kuɗi zalunci ba ne. Mai ƙosan da ta ƙara farashi don wake da mai sun tashi ba ta cuci kowa ba. Mai tsawwalawa shi ne wanda ya ga an matsu, ya mai da matsuwar jari. Shi ne mai saye hatsi da kaka ya kulle a sito, sai damina ta yi tsakiya ko azumi ya kama ya fito da shi. Malamai suna kiran wannan ihtikari, shari'a kuwa ta hana shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, kasuwa ta lanƙwame shi nan da nan, manomin da bai karɓi ko kwabo ba ya sha dukan tare da su. Ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, kafin gari ya waye wasu gidajen mai sun rufe, wasu sun ninka kuɗi a kan man da suka saya da tsohon farashi. Wannan tsada ce?

A 1978, ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abinci ya fito da ɗalibai kan titi, wasu suka rasa rayukansu a Zariya da Legas. Mu kuwa mai gidan haya yana ninka mana kuɗin ɗaki bai ko toshe yoyo ba, muna cewa "sai haƙuri".

Muna kira ga ƙungiyarmu ta riƙa rubuta farashin abinci da na haya kowane mako tana liƙawa a allo, wanda ya tsawwala a ƙaurace masa. Kafin nan mu gyara harshenmu. In an cuce mu, kada mu ce ana tsada, mu ce an tsawwala mana.